Darasin Turanci: Kalmar "Shadow", Inuwa da Bin Sawu

Akwai kalmomin Turanci waɗanda ɗalibi yakan ɗauka ya gama saninsu tun yana firamare, sai ya kai aji shida na sakandare su kayar da shi a jarrabawa. Ɗaya daga cikinsu ita ce "shadow". In ka tambayi kowane yaro ɗan aji ɗaya ma'anarta, zai ce maka inuwa, kuma bai yi ƙarya ba. Amma ran da ya ɗauki jarida ya ga an ce 'yan sanda sun yi kwana uku suna "shadowing" wani mutum, ko kuwa ya ji a rediyo ana zancen "shadow minister" a Ingila, sai ya tsaya yana zare ido. Me ya haɗa inuwa da ɗan sanda? Me ya haɗa ta da minista?

Ɗalibai, ba sai kun haddace ma'anoni ashirin daga ƙamus ba. Ku fita fili da safe ku dubi inuwarku, za ku ga halinta. Tana da siffarku, amma ba ta da jiki. Duk inda kuka nufa tana biye da ku, ba ta kuwa yin ƙara. Inda ta faɗi, haske ya ragu. Daga waɗannan halaye ne Turawa suka ciro kusan dukan abin da suke nufi da kalmar. Wanda ya riƙe wannan, ko ya gamu da ita a wurin da bai taɓa gani ba, zai iya gane inda aka dosa.

Inuwa ɗaya a Hausa, biyu a Turanci

Wahalar farko daga harshenmu take. A Hausa muna da kalma guda, inuwa. Da ita muke kiran wurin sanyin nan na gindin mangwaro inda tsofaffi suke hutawa, da ita kuma muke kiran baƙar siffar nan da ke bin yaro a ƙasa sa'ad da yake tafiya makaranta. Turanci ya raba su biyu. Wurin da rana ba ta kai ba, inda ake fakewa daga zafi, shi ne "shade". Baƙar siffar da mutum ko dabba ko itace ke jefawa a ƙasa ko a bango ita ce "shadow".

Bari mu ɗauki itace guda. Manomi ya gaji da tsakar rana, ya je gindin ɗorawa ya zauna. A Turanci za a ce: "The farmer sat in the shade." Da yamma kuma rana ta yi ƙasa, siffar ɗorawar ta miƙe har tsallaken hanya. A nan za a ce: "The shadow of the tree reached the road." Itacen bai canja ba. Abin da mai magana yake dubawa ne ya canja. A jimla ta fari sanyi ne a ransa, a ta biyu kuwa siffa da tsawonta.

Ga wata hanya mai sauƙi ta gwadawa. In za ka iya ɗaukar alli ka zana gefen abin a ƙasa, har wani ya duba ya ce wannan akuya ce, wannan kuma mutum ne, to, "shadow" ce. In kuwa abin da ya dame ka shi ne ka tsere wa rana, ba ruwanka da siffa, to, "shade" kake nema.

Nahawu ma ya bi wannan rabo. Ana ƙirga "shadow": "a shadow", "two shadows". Amma "shade" mai ma'anar wurin sanyi ba a ƙirga ta, kamar yadda ba a ƙirga ruwa ko iska. Saboda haka ɗalibin da ya rubuta "We sat under a shade" ya yi asarar maki. Daidai shi ne "We sat in the shade". Ku lura da ƙaramar kalmar nan "in". Mu muna cewa ƙarƙashin inuwa, shi ya sa hannu yakan yi saurin rubuta "under". Ana cewa "under the tree", amma "in the shade of the tree".

Sai kuma aikatau da ke tafiya da "shadow". Mu mukan ce itace ya yi inuwa. Bature yakan ce itace ya jefa inuwa, da kalmar "cast". Wannan aikatau ba ya canja kama ko ana maganar jiya ko yau. "The wall cast a long shadow yesterday." Babu wata kalma "casted" a wannan wuri, kada ku rubuta ta.

Inda kalmomin suka fito

Abin mamaki shi ne, tun asali "shade" da "shadow" kalma ɗaya ce. A tsohon Turanci, wanda aka yi magana da shi a Ingila fiye da shekara 1000 da suka wuce, akwai kalma "sceadu". A zamanin nan suna yakan canja ƙarshensa bisa ga aikin da yake yi cikin jimla, don haka a wasu wurare sai kalmar ta zama "sceadwe". Da tafiya ta yi nisa, Turanci ya watsar da yawancin waɗannan canje-canje, amma a nan sai aka riƙe duka biyun. "Sceadu" ta zama "shade", "sceadwe" ta zama "shadow", kowace ta kama nata aiki. Jamusanci, wanda ɗan'uwan Turanci ne, bai yi wannan rabo ba. Kalma ɗaya gare su, "Schatten", kamar yadda mu ma muke da inuwa. Ke nan ba Bahaushe kaɗai ke tuntuɓe a wannan wuri ba, ɗalibin Jamus ma sai an koya masa.

Ku kula da furuci. "Shade" ana jan ta, kamar a ce sheid. "Shed" kuwa gajeruwa ce, ma'anarta rumfa ko 'yar bukkar ajiye kaya. A bakin ɗalibai da yawa su biyun sukan fito iri ɗaya, daga nan kuskuren ya shiga rubutu. Mai kayan miya a kasuwa yana zaune cikin "shed" domin ya sami "shade".

Sa'ad da inuwa ta zama aiki

Yanzu mun zo ga ma'ana ta biyu, wadda ita ce ta fi ruɗa mutane. Turanci yana da hali na ɗaukar suna ya mai da shi aikatau ba tare da ƙara masa kome ba. To, in aka ce wani ya yi "shadow" ɗin wani, ana nufin ya zama masa kamar inuwarsa. Ya bi shi ƙafa da ƙafa, ya tsaya in ya tsaya, ya juya in ya juya, bai kuwa ce uffan ba. A Hausa mukan ce bin sawu ko bin diddigi.

"Two policemen shadowed the suspect from the motor park to his house." Watau 'yan sanda biyu sun bi sawun wanda ake tuhuma daga tasha har gidansa, shi kuwa bai sani ba. A nan ne bambancinta da sauran kalmomin bi yake. "Follow" bi ne kawai, ko a ɓoye ko a fili. "Chase" kora ce da gudu, wanda ake kora ya san ana binsa. "Escort" rakiya ce, da yardar wanda ake raka. "Shadow" kuwa bi ne na kurkusa, a natse, mai bin yana kallon kowane motsi. In a jarrabawar zaɓi aka ba ku waɗannan huɗu, ku tambayi kanku: wanda ake bi ya sani? Ana gudu? Amsar za ta nuna muku wadda za ku ɗauka.

Wani abin lura, wannan aikatau ba ya bukatar ɗan rakiya. A ce "He shadowed the man". Kada a ce "shadowed after the man" ko "shadowed behind the man", gama bi daga baya yana cikin kalmar tun farko.

Ba kullum ne bin yake zama na tuhuma ba. A asibitoci da ofisoshi da makarantun ƙasashe masu Turanci akwai abin da suke kira "job shadowing". Sabon ma'aikaci, ko ɗalibin da yake tunanin aikin da zai yi nan gaba, yakan yini tare da wanda ya ƙware, yana binsa ɗaki ɗaki, yana kallo, ba ya taɓa kome. "The student nurse shadowed the matron for a week." Wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu. Yaron maƙeri yakan daɗe yana zuga yana kallo kafin a ba shi guduma. Ɗalibin kwalejin horon malamai ma yakan fara zama a bayan aji ya ga yadda ake koyarwa kafin a miƙa masa alli. Sunan ne kawai sabo.

A filin ƙwallo kuma, in koci ya ce wa mai tsaron baya ya yi "shadow" ɗin ɗan wasan gaba na abokan karawa, yana nufin ya manne masa, kada ya bar shi ya sha iska. Haka nan in ƙaramin yaro ya cika bin yayansa ko'ina, Bature zai yi dariya ya ce: "He is his brother's shadow." Mu da sai mu ce ya zama masa jela.

Akwai ma wata dabarar koyon harshe mai wannan suna, wadda ake horar da tafintoci da ita. Mai koyo yakan saurari mai magana, yana maimaita abin da ya ji nan take, yana biye da shi da tazarar kalma biyu ko uku, ba ya jira a kai ƙarshen jimla. Ku gwada da labaran Turanci na rediyo, minti biyar kowace safiya. Harshe zai yi ta sarƙewa da fari, amma da sannu zai saba da inda ake ɗaga murya da inda ake sauke ta.

Ministan da ba shi da ma'aikata

A majalisar dokokin Birtaniya, jam'iyyar da ta zo ta biyu a yawan kujeru takan zama babbar jam'iyyar adawa. Shugabanta yakan zaɓi mutanensa, ya ba kowa ministan gwamnati guda ya sa masa ido. Wannan ya bi ministan ilmi, wancan ya bi na lafiya, wani ya bi na kuɗi. Aikinsu su karanta duk abin da ministan ya kawo, su yi masa tambayoyi a gaban majalisa, su faɗa wa jama'a yadda da su za su yi. Taron waɗannan mutane shi ake kira "Shadow Cabinet", kowannensu kuma "shadow minister" ne. A zauren majalisa suna zaune a bencin gaba, fuska da fuska da ministocin gwamnati.

Ku dubi yadda sunan ya dace ta hanya biyu. Suna bin ministan kamar inuwa. Suna kuma da siffar gwamnati, amma ba su da ikonta, ba su da ofishin ma'aikatar, ba sa taɓa kuɗinta. Duk da haka aikin ba wasa ba ne, gama shiri ne na karɓar mulki. Gordon Brown ya yi aikin sa ido kan ministan kuɗi daga 1992 zuwa 1997, da jam'iyyarsa ta Leba ta ci zaɓe a 1997 sai ya zama ministan kuɗin kansa. Haka ya faru da Rachel Reeves, wadda ta riƙe wannan aiki daga 2021 har ta zama ministar kuɗi a watan Yuli 2024.

Masu karatun tarihi da gwamnati za su tuna cewa Nijeriya ta fara da irin tsarin majalisar Birtaniya. Bayan zaɓen 1959, Cif Obafemi Awolowo ya zama shugaban adawa a majalisar tarayya a Legas, sa'ad da Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa yake firayim minista. A 1979 ƙasar ta koma tsarin shugaba mai cikakken iko irin na Amurka, inda ministoci ba sa zama 'yan majalisa. Shi ya sa a 2025, da Farfesa Pat Utomi ya ba da sanarwar kafa abin da ya kira "shadow government", hukumar tsaro ta DSS ta kai maganar kotu, tana cewa tsarin mulkinmu bai san da irin wannan ba. Kalma guda ke nan, a Landan aikin yau da kullum, a Abuja kuwa maganar shari'a. Wanda bai san ma'anarta ba, ba zai gane abin da ake gardama a kai ba.

A ajin kimiyya da labarin ƙasa

Malamin fiziks yana koya muku cewa haske a miƙe yake tafiya, in ya ci karo da abin da ba zai iya ratsawa ba sai a sami "shadow" a bayan abin. Tsakiyarta mai duhu ƙirin ita ce "umbra", gefenta mai ɗan haske kuma "penumbra". Waɗannan biyu daga Latin aka aro su, inda "umbra" take nufin inuwa. Husufi ma maganar inuwa ce. In duniya ta shiga tsakanin rana da wata, inuwar duniya ta faɗi a kan wata, shi ne abin da mutanen gari suke kira zazzaɓin wata. In kuwa wata ne ya shiga tsakani, tasa inuwar ce take faɗowa a kanmu. Haka ya faru ranar 29 ga Maris 2006, sa'ad da inuwar wata ta ratsa Gana, Togo, Benin, Nijeriya, Nijar, Cadi da Libiya, gari ya yi duhu da rana na 'yan mintoci.

A labarin ƙasa kuma za ku gamu da "rain shadow". Iska mai ɗauke da laima takan taso daga teku ta ci karo da dutse. Tana hawa tana sanyi, sai ta zubar da ruwanta a gefen da ta fara bugawa. Kafin ta gangara ɗaya gefen ta bushe. Wannan gefe na baya shi ne "rain shadow", watau dutse ya tare masa ruwa kamar yadda bango yake tare haske. A gindin Dutsen Kamaru, ta wajen teku, akwai ƙauyen Debundscha inda ruwan sama yakan kai kimanin milimita 10,000 a shekara, amma bayan dutsen ba ya samun ko kusa da haka. Tsaunukan Jos ma suna yin irin wannan aiki. Yana cikin dalilan da suka sa wajen Kagoro da Kafanchan ya fi wajen Bauchi samun ruwa.

Likita ma yana amfani da kalmar. In ya ɗaga hoton ƙirji ya ce akwai "shadow" a huhu, yana nufin ya ga wani tabo da bai kamata ya kasance a wurin ba, sai an ƙara bincike. Masu auna yanayi kuwa "shade" suke amfani da ita. In aka ce zafin Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu ya wuce digiri 40 "in the shade", ana nufin an ajiye ma'aunin zafi inda rana ba ta taɓa shi, cikin farin akwatin nan mai tagogin iska da kuke gani a tashar auna yanayi.

Inuwa mai daɗi da inuwa marar daɗi

Nan ne babban ramin yake, har manya ma suna faɗawa. A wurinmu inuwa alheri ce. Mutumin da ya yi tafiyar ƙasa cikin bazara ya san darajarta. Mukan ce wane yana cikin inuwar wane, watau yana samun kariya da taimako daga gare shi. Mukan zargi mai rowa ga danginsa da cewa shi inuwar giginya ne, na nesa ka sha ta. Mukan ce da abu mai daɗi haɗe da wahala inuwar bagaruwa, ga sanyi ga ƙaya. Har suna muke raɗa wa yaro, Inuwa.

Ingila kuwa ƙasar sanyi ce. A watan Disamba rana takan faɗi a Landan kafin ƙarfe 4 na yamma, ko da tsakar rana ma ba ta hawa sama sosai, har inuwar mutum takan kusa ninka tsawonsa sau huɗu. A nan arewacin Nijeriya, cikin watan Afrilu da watan Agusta akwai ranakun da rana take tsayawa daidai tsakar ka, inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa. Wannan ba ya taɓa faruwa a Ingila. Mutumin da hasken rana yake yi wa wuya, ba abin mamaki ba ne in ya ɗauki abin da ke tare hasken a matsayin abin baƙin ciki. Don haka a yawancin maganganun Turanci "shadow" tana tafe da duhu, da tsoro, da rashi.

Ku dubi wannan jimla: "He grew up in the shadow of his father." Bahaushe zai ji kamar an ce yaron ya tashi cikin gata, uba yana kāre shi. Bature kuwa abin da ya ji shi ne, sunan uban ya danne yaron, ba wanda ya ga nasa ƙoƙari. Yanzu ku yi tunanin ɗalibin da wani kawunsa ya biya masa kuɗin makaranta shekara shida, ya zauna ya rubuta masa wasiƙar godiya da Turanci ya ce: "I have lived in your shadow for six years." Yana nufin godiya, amma abin da ya rubuta ya fi kama da ƙorafi. Abin da ya kamata ya ce shi ne "under your care" ko "under your protection".

Haka kuma maganar da muke ji kullum a labarai, cewa wane ya tsaya takara a ƙarƙashin inuwar jam'iyya kaza, ko ƙungiyoyi sun taru a ƙarƙashin inuwa guda. Kada ku fassara wannan da "shadow". A Turanci akan ce "on the platform of" domin jam'iyya, da "under the umbrella of" domin ƙungiyoyi. Ita "umbrella" ɗin ma, watau laima, daga "umbra" ta Latin ta fito ta hanyar Italiyanci. A Italiya domin rana aka sa mata sunan, da ta isa Ingila sai ruwan sama ya ba ta aiki.

Wani zai ce, ai a Littafi Mai Tsarki na Turanci mun ga "shadow" da ma'anar kariya. Gaskiya ne. A Zabura ta 91, alal misali, an kwatanta kiyayewar Allah da inuwa, tsohuwar fassarar Sarki Yakubu ta 1611 kuma "shadow" ta sa a wurin. Dalili shi ne, da Ibrananci aka rubuta Zabura, a ƙasa mai zafin rana kamar tamu, inda inuwa mafaka ce. Masu fassara suka ɗauko tunanin Ibraniyawa suka sa masa rigar Turanci. Ya dace a cikin sujada da addu'a, amma kada ku kai shi cikin wasiƙar neman aiki.

Waɗansu maganganu da ya kamata ku sani

"A shadow of his former self": an faɗi wannan ga wanda ciwo ko tsufa ko talauci ya rage, siffar tana nan amma ƙarfin ya tafi. Ana faɗinsa ga gari ko kamfani ma.

"Cast a shadow over": abin baƙin ciki ya rage wa taro armashi. "The accident cast a shadow over the wedding."

"Without a shadow of doubt": babu ko ɗigon shakka. Masu sha'awar aikin lauya su lura, abin da kotu take nema a shari'ar laifi shi ne "beyond reasonable doubt", kada a gauraya su.

"Afraid of his own shadow": matsoraci na ƙin ƙarawa.

"Chasing shadows": wahalar banza, bin abin da ba ya kamuwa.

"Shadow boxing": ɗan dambe yana kai wa iska naushi domin motsa jiki. Ana aron maganar ga mai faɗa da abokin gāban da babu shi.

"Shadow economy": cinikin da ake yi a ɓoye, ba rajista, ba haraji.

"Overshadow" ita ce a danne wani da girma ko suna har a manta da shi. "Foreshadow" kuwa ɗaliban adabi za su gamu da ita. Kamar yadda inuwar mai zuwa takan riga shi shiga zaure, haka marubuci yakan sa wata 'yar alama a farkon labari mai nuna abin da zai faru a ƙarshe.

Akwai sifa biyu da za ku rarrabe. "Shadowy" abu ne mai duhu-duhu wanda ba a gani sosai. "Shady" kuwa fuska biyu gare ta. "A shady tree" itace ne mai inuwa, amma "a shady trader" ɗan kasuwa ne marar gaskiya. Ku yi hankali da wanda kuke kira haka.

"Shade" ma tana da nata 'ya'ya. Ana ƙirga ta in ana maganar launi: "two shades of green", watau kore mai duhu da kore mai haske. A takardar zaɓi ta WAEC da NECO kuma za ku ga umarni cewa ku yi "shade" ɗin amsa da fensirin HB. Ma'anarsa ku cike gurbin da baƙi sosai, ba ku ja layi ko ku sa alamar maki ba, gama na'ura ce take dubawa, abin da ya yi duhu kaɗai take gani.

Aikin gwaji

Ku cike kowane gurbi da "shade" ko "shadow", ku gyara ƙarshen kalmar inda ya kamata.

1. The goats are resting in the ______ of the wall.
2. The child laughed when he saw his ______ on the tent.
3. A detective ______ the thief for two days last month.
4. After the long illness she was a ______ of her former self.
5. Use a pencil to ______ the correct answer.
6. The ______ minister of health asked many questions.

Sa'an nan ku juya waɗannan zuwa Turanci. Na ɗaya: Mun zauna a inuwa muna jiran mota. Na biyu: Marayun suna cikin inuwar kakarsu.

Amsoshi: 1 shade, 2 shadow, 3 shadowed, 4 shadow, 5 shade, 6 shadow. Fassara ta ɗaya: "We sat in the shade waiting for a lorry." Ta biyu: "The orphans are under their grandmother's care." Wanda ya sa "shadow" a ta biyu, ya koma ya sake karanta sashen inuwa mai daɗi da marar daɗi.

Shawarata gare ku, musamman 'yan aji shida masu fita bana, ita ce kada ku tsaya a ma'ana ta farko in kun buɗe ƙamus. Ku karanta har ƙasa, ku dubi jimlolin misali, ku lura ko kalmar suna ce ko aikatau a wurin da kuka same ta. Ku tambayi kanku kuma ko abin da take sa Bature ya ji a ransa shi ne abin da takwararta take sa mu ji. Kalmomi irin su "light", "spring" da "bear" suna nan da irin wannan hali, ku gwada su lokacin hutu. Allah ya ba da sa'a a jarrabawa.